Jirgin Alhazai da Jirgin Yaƙi a Samaniyar Yammacin Zamfara

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta Hartum da Fashar da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, da Maiduguri. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. Soja ne suka kawo shi, kuma hanyar da suka biyo ta sama ita ce wadda kakanninmu suka daɗe suna bi ta ƙasa zuwa Makka, da ƙafa da jaki da raƙumi, suna yada zango a Wadai ko Darfur su yi noma ko ƙodago, su tara guzuri su ƙara gaba har bakin Bahar Maliya. Mutum kan shekara da shekaru kafin ya dawo, wani kuma ba ya dawowa. Zuriyarsu na nan a Sudan, a garuruwa irin Mai Wurno. Tun daga farko ke nan harkar jirgi a ƙasar Hausa ta rataya a kan soja da alhazai, kuma ta waɗannan biyun mutanen Zugu da sauran ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, a yammacin Zamfara, suka san shi har yau. Babu filin jirgin fasinja a yankin. Wanda zai hau jirgi sai ya yi doguwar tafiya a mota ya same shi a wani birni. Wanda ke zuwa har inda suke kuwa, na yaƙi ne.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, yana ɗaukar wasiƙu da jami'an mulkin mallaka, kafin ya miƙa hanyar zuwa Ikko. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga darajar Kano. Da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a haɗa su a can, a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri har fagen daga a Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya tsakanin 1940 da 1943. Yaƙi ya ƙare ya bar wa Kano titin jirgi da rumbunan mai da ƙwararrun ma'aikata, don haka kamfanonin Turai irin BOAC da KLM da Sabena suka mai da ita mashayar jiragensu masu ƙetare Sahara. An kafa kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma renon Ingila a 1946. Reshen Najeriya ya tsaya da kansa a 1958, gwamnati ta saye shi gaba ɗaya a 1961, shi ne Nigeria Airways. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, a shekarar kuma aka kafa rundunar sojan saman Najeriya da taimakon Jamus ta Yamma, da babban sansaninta na horo a Kaduna.

Talaka dai ta hanyar hajji ya shiga wannan labari. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokan kasuwancinsa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma a Kano, wadda daga gajeren sunanta unguwar Wapa ta ’yan canji a Fagge ta samo suna. Da motoci aka fara, daga baya aka koma hayar jirage. Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, kuma yawan zuwansa da manyan tawagogi ya sa tafiyar jirgi ta zama abin da kowane mai hali ke buri. Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, adadin maniyyata kuma ya haura dubu 100 a 1977. A waɗannan shekaru manomin Gummi ko makiyayin Bukkuyum kan sayar da bijimai, ko ya haɗa kuɗin gyaɗa da auduga na ’yan damina, ya biya kujera. Tafiyar da kakansa ya yi cikin shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan. Ta Kano aka fi tashi da farko, sai daga baya, da aka buɗe sabon filin Sakkwato a farkon shekarun 1980, tafiyar ta rage tsawo. Wannan alheri ne babba, kuma bai kamata abin da zai biyo baya ya sa a manta da shi ba.

Sai dai jigilar alhazai kasuwa ce mai wuyar sha'ani. Kamar girbi take: aiki ya taru cikin makonni kaɗan har a rasa hannu, sauran shekara kuma a zauna. Babu kamfanin da zai ajiye manyan jirage wata goma suna jiran wata biyu, saboda haka haya ake yi, daga duk inda aka samu jirgi da matuƙa a farashin da za a iya biya. Manyan musibu biyu da suka faɗa wa alhazanmu duk a jiragen haya suka auku. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya faɗi wajen sauka a Kano cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da mutum 261. Tayoyinsa sun fashe tun yana gudu a titi, wuta ta kama bayan an naɗe su ciki, ya juyo don ya sauka bai kai ba. Babu wanda ya tsira. Masu bincike sun gano cewa iskar wasu tayoyin ba ta cika ba, an kuma san da haka kafin tashi, amma aka zaɓi kada a ɓata lokaci. A lokacin ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum tana cikin jihar Sakkwato, don sai 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Zamfara, kuma filin da jirgin ya nufa shi ne filin alhazansu. Allah ya jiƙansu da rahama. Nationair bai daɗe ba ya durƙushe a 1993.

Nigeria Airways kansa ya riga ya kama hanyar mutuwa. A ganiyarsa, farkon shekarun 1980, yana da jirage wajen 30. Bashi ya yi masa katutu, ma'aikata sun fi ƙarfin aikin, manyan gwamnati suna hawa ba biya, faɗuwar naira bayan 1986 kuma ta ninka masa kuɗin kayan gyara. An rufe shi a 2003, tsofaffin ma'aikatansa suka yi ta jiran haƙƙinsu har 2018, lokacin da gwamnatin Buhari ta amince da sakin fiye da naira biliyan 22. Gurbin da ya bari attajiran Arewa suna cikin waɗanda suka fara shigarsa. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa nasa a Kaduna a 1994, gidan Isyaku Rabi'u suka fito da IRS, sai Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal a 2008, da Azman na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina, da Rano Air a baya-bayan nan. Mai lura zai ga cewa yawancinsu da kuɗin wata sana'ar suka shigo, sufurin mota ko man fetur ko fatauci, kuma waɗanda suka fi daɗewa su ne masu kwangilar alhazai. Kabo da Max Air sun sayo tsofaffin Boeing 747 da kamfanonin waje suka sallama, saboda jirgi ɗaya kan kwashe mutum wajen 500 a sawu guda. Duk da haka Chanchangi da IRS sun daina tashi, Kabo ma ya shuɗe daga kasuwa. Sayen tsohon jirgi yana da araha, riƙe shi ne mai tsada.

Tsakanin 2002 da 2006 aka ga ƙarshen abin da sakaci ke jawowa. A watan Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja a Kano. Jiragen Bellview da Sosoliso suka biyo baya a 2005. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Bayan wannan aka ƙarfafa dokar hukumar da ke sa ido kan jiragen farar hula, aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, da dama suka fita. Haɗurra sun ragu ƙwarai daga nan, kuma wannan shaida ce cewa tsauraran ƙa'ida na aiki idan an riƙe ta da gaske.

Ɓangaren soja ya bi tasa hanyar, wadda siyasar duniya ke juyawa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, Tarayyar Sobiyet ta kawo MiG, ta Kano suka shigo. Daga baya aka sayo MiG-21, sai Alpha Jet na Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, da Jaguar daga Ingila, waɗanda ba su yi dogon aiki ba aka jingine su. Takunkumin zamanin Abacha ya tsayar da kayan gyara, jirage da yawa suka kwanta a rumfa. Abin da ake ta maimaitawa ke nan: a sayi jirgi da tsada daga ƙasa guda, a kasa kula da shi, bayan shekaru a koma wata ƙasar a sayi wani iri daban, mai buƙatar nasa makanikai da nasa kayan gyara. Duk tsawon wannan lokaci yammacin Zamfara ba shi da abin da zai kawo jirgin yaƙi. Ƙasar noma ce da kiwo da su a Gulbin Zamfara da Gulbin Ka.

Zinariya ce ta fara jawo idon duniya. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan masu haƙa, Bagega da Dareta da Abare da Sunke a Anka, ’Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu kafin likitocin MSF da sauran masu agaji su shawo kan abin. A shekarun da suka biyo baya satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama a dajin Ɗansadau a watan Yuli 2016, sojan sama suka kafa rundunar kai ɗaukin gaggawa a Gusau, sannan a ƙarshen Yuli 2018 suka fara farmakin Diran Mikiya daga filin jirgin Katsina. Daga nan ƙarar jirgi ta shiga rayuwar yau da kullum, har yara suka iya bambanta mai saukar ungulu da jirgin leƙen asiri.

Tun a watan Afrilu 2019 Majalisar Sarakunan Zamfara, wadda Sarkin Zamfaran Anka, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, ke shugabanta, ta fito fili ta ce wasu hare-haren sama suna faɗa wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Rundunar sojan sama ta musanta. A watan ne kuma gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar. Ranar 2 ga Maris 2021, ranar da aka sako ɗalibai mata 279 na makarantar Jangebe, aka ayyana Zamfara a matsayin yankin da jirgin farar hula ba zai yi shawagi ba, bisa zargin cewa akwai jiragen da ke sauka a daji su kawo makamai su kwashi zinariya. Wannan magana ta daɗe a bakin mutane a kasuwanni da majalisu, amma ba a kama wani jirgi an nuna wa jama'a ba. A 18 ga Yuli na shekarar ɓarayin daji suka harbo Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya dira da lema ya tsira. Kwana huɗu bayan haka rukunin farko na jiragen Super Tucano ya sauka a Kano. Guda 12 aka saya, a kan dala miliyan 496 da aka ciro daga asusun rarar man fetur a 2018. Gwamnatin Obama ta riƙe cinikin, musamman bayan bam ɗin da ya faɗa kan sansanin ’yan gudun hijira na Rann a Janairu 2017, ta Trump kuma ta sake shi, da sharaɗin a yi amfani da su a kan ’yan ta'adda. Shi ya sa sanya ’yan bindiga cikin jerin ’yan ta'adda a hukumance, ranar 5 ga Janairu 2022, ya zama muhimmi ga sojan sama.

A wancan makon ne yammacin Zamfara ya ga mafi munin kwanakinsa. A ranakun farko na Janairu 2022 jirage sun yi luguden wuta a dajin Gusami da ke gabashin jihar, soja suka ce an kashe ’yan bindiga fiye da 100 da jagororinsu biyu. Daga 4 zuwa 6 ga watan, gungun mahara a kan babura, waɗanda aka ce farmakin sama ne ya taso su daga maɓoyarsu, suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Ɗanya da Rafin Gero da Barayar Zaki, suna harbi suna ƙone gidaje da rumbuna. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mazauna suka ce sun binne wajen 200, ministar jinƙai ta tarayya ma ta ambaci adadi irin wannan. A nan ne nake ganin iyakar abin da jirgi zai iya. Yana iya tarwatsa sansani cikin minti kaɗan, kuma ƙauyuka da yawa sun tsira saboda ya iso a kan lokaci. Wanda ya taɓa kwana a daji yana jin harbi ba zai raina wannan ba. Amma ba ya zama ya tsare gari. Idan babu soja a ƙasa da zai tare waɗanda aka tarwatsa, ƙauyen da ke kan hanyarsu shi zai biya. Ga kuma kuskuren da ba ya gyaruwa: Mutumji a ƙasar Ɗansadau a Disamba 2022, inda rahotanni suka ce mutum fiye da 60 suka rasu, Tudun Biri a Kaduna a Disamba 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, Tungar Kara a Janairu 2025, inda aka kashe ’yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama, mai babur da bindiga duk ɗaya ne, sai in akwai sahihin labari daga ƙasa.

Ta fuskar ciniki, ɓangaren soja ne ke bunƙasa. A 2021 an karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan. An sayo jirage marasa matuƙi daga Sin, masu saukar ungulu T-129 guda shida daga Turkiyya, an ƙulla cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya, Amurka kuma ta amince a 2022 da sayar da AH-1Z guda 12 a kan kusan dala biliyan ɗaya. Ga masu ƙera makamai, Najeriya kasuwa ce mai kyau na shekaru masu zuwa, domin bayan jirgin akwai kwangilar gyara da horo da harsasai. Ga baitulmali kuwa, kowane sabon iri sabon bashi ne da dala, kuma tarihin Jaguar yana nan yana jiran a ga ko an koyi wani abu.

Jiragen fasinja suna cikin matsin da suka daɗe ba su shiga ba, dalilin kuma a bayyane yake: da naira suke sayar da tikiti, da dala suke biyan hayar jirgi da inshora da babban gyara. Litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700 cikin ɗan lokaci, har ƙungiyar masu kamfanonin ta yi barazanar ajiye aiki a Mayu 2022. Da aka saki naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Maniyyaci ya ji wannan a jikinsa. Kujerar da ake biya wajen naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ta kai kusan miliyan uku a 2023, ta haura miliyan takwas a 2025. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji. Saudiyya ta ware wa Najeriya kujeru dubu 95, amma a 2024 ba a cike su ba, duk da tallafin naira biliyan 90 da gwamnati ta bayar. A yankin da aka kore shanu, aka hana noman gonakin nesa, aka kwashe ajiyar gidaje wajen biyan kuɗin fansa, ba sai an faɗi wanda ya fara janyewa ba.

Jiragen da aka dogara da su wajen jigilar alhazai ma zamaninsu yana ƙarewa. Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe a Janairu 2023, shi da Airbus kuma suna da odar dubban jirage da ba su kai ga ƙerawa ba, abin da ya sa hayar tsofaffin ma ta yi tsada. Kaso mai tsoka na alhazanmu yanzu kamfanin Flynas na Saudiyya ke ɗauka, bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. Yunƙurin farfaɗo da kamfanin ƙasa, Nigeria Air, wanda minista Hadi Sirika ya sanar a 2018 ya kuma nuna jirginsa a Abuja a Mayu 2023, ya tsaya bayan sauyin gwamnati da hukuncin kotu. Abubuwa biyu ne suka ɗan sassauta: matatar Ɗangote ta fara fitar da man jirgi a 2024, sannan a Satumba na shekarar aka gyara ƙa'idar kotu don mai ba da hayar jirgi ya iya karɓe abinsa idan ba a biya shi ba, wanda ake sa ran zai sa masu haya na waje su rage tsoron Najeriya.

Cikin wannan hali Zamfara ta shiga gina filin jirginta. Gwamnatin Bello Matawalle ta fara aikin filin jiragen kaya bai kammala ba. A Yuni 2024 gwamna Dauda Lawal da ministan sufurin sama Festus Keyamo suka ƙaddamar da aikin filin jirgi na ƙasa da ƙasa a Gusau, mai titin da ya haura kilomita uku. Hujjar mai ƙarfi ce: shekaru da dama alhazan jihar suna bin hanyar Sakkwato mai kimanin kilomita 200, mai zuwa daga Abuja kuma ko ya sauka a wata jihar ko ya bi titin Funtuwa da Tsafe da fargaba. A Disamba 2024 an ɗage haramcin haƙar ma'adinai, wanda zai iya kawo masu zuba jari da ke buƙatar jirgi. Sai dai Katsina da Birnin Kebbi da Dutse duk sun riga sun gina nasu, kuma bayan lokacin hajji zirga-zirgarsu kaɗan ce, yawancin fasinjojin ƙasar nan suna tsakanin Ikko da Abuja ne. Filin Gusau zai buƙaci kamfanin da zai yarda ya riƙa zuwa da ƙaramin jirgi ko da kujeru ba su cika ba, da gwamnatin da za ta ci gaba da biyan kuɗin wuta da na'urori da masu kashe gobara bayan an gama bikin buɗewa. Mutumin Zugu ko Gummi kuwa, kafin ya kai bakin filin sai ya bi ta Daki Takwas da Anka ya fita Mayanci, kuma lissafin da direbobin wannan hanya ke yi kowace safiya shi ne ko an tare jiya, da kuma ƙarfe nawa ya kamata a ce an wuce.